Tawadar Bagaruwa da Alƙalamin Gamba a Ƙasar Birnin Kudu

Mutanen da suka zauna a duwatsun Birnin Kudu a zamanin da sun iya haɗa launin da rana da damina ba sa gogewa. Zanen shanun da suka bari a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masana suka soma nazari a shekarun 1950, yana nan har yau, kuma gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Sai dai akwai wani gadon na haɗa launi a wannan yanki da ba a kafa masa allon sanarwa ba, wato tawadar da malaman tsangaya na Sundimina da Gwaram da ƙauyukan kewaye suka daɗe suna rubuta Alƙur'ani da ita.

Tawada iri biyu ce a wurin almajiri. Ta allo ba ta da wuya: a daka gawayi ko a kankare baƙin gindin tukunya, a niƙa ya yi laushi, a zuba ƙaro da ruwa a dafa. Da gangan ake yin ta mai saurin fita, domin da yaro ya biya karatunsa zai wanke allon a sake masa wani rubutun. Da ita kuma ake yin rubutun sha.

Ta takarda ita ce aikin manya. Ana samo 'ya'yan bagaruwa busassu, irin waɗanda majema ke jima da su, a farfasa a jiƙa, a jefa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe a ciki, a bar shi ya kwana biyu, sannan a tafasa a tace da ƙyalle, a sa ƙaro daidai gwargwado. Ɗacin bagaruwa idan ya haɗu da ƙarfe shi ke haifar da baƙin, kuma yana ƙara duhu bayan rubutu ya sha iska. Wannan tawada kama takarda take yi, ba ta zama a samanta kawai. A nan gwaninta take. Ƙaro ya yi yawa, shafuka su manne da damina. Ƙarfe ya yi yawa, bayan shekaru tawadar ta cinye takardar, a ɗaga shafi a ga haske ta cikin haruffa. Turawa ma da irin wannan haɗi na ɗacin itace da ƙarfe suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu.

Alƙalamin kuwa daga daji yake zuwa. Bayan kaka ake yanko karan gamba wanda ya ƙosa ya bushe, a fiƙe shi da aska, a tsaga bakin kaɗan don ya riƙe tawada, a datse kan a karkace. Faɗin wannan datsa shi ke ba harafi kauri. Alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka, bisa ruwayar Warshu, yakan ajiye alƙaluma da kurtu fiye da ɗaya: baƙi na haruffa, ja na wasali wanda ake samu daga koya, rawaya na hamza. Takardar da aka fi so a ƙarni na 19 mai tambarin wata uku ce, daga masana'antar Galvani ta ƙasar Italiya, wadda fatake ke kawowa Kano ta Tarabulus. Ba a ɗinke shafukan. A jera su cikin tadarishi, a sa a gafaka.

Boko ya zo da nasa kayan. Daga makarantar da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawar Kano a 1909 har zuwa Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda irin su Aliko Ɗangote suka yi karatu, ɗalibai sun wuce ta zamanin alƙalami mai bakin ƙarfe da teburi mai ramin ajiye tawada, sannan alƙalami mai shan tawada a cikinsa, irin su Parker, da kuma Hero na ƙasar Sin. Biro, wanda kamfanin Bic na Faransa ya cika duniya da shi tun daga 1950, ya kore su duka daga aji da ofis.

Bai kori gamba daga tsangaya ba, domin biro ba ya rubutu a allo, kuma ba ya fitar da harafi mai kauri da siranta. Ko da injin ɗab'i ya zo, hannun malamai aka riƙa ɗauka ana bugawa. Sharif Bala Gabari na Kano, wanda ya rasu a 2014, da hannunsa ya rubuta Alƙur'anan da aka buga suka bazu har Nijar.

Abin da ke damuna shi ne tawadar takarda. Ta allo tana da rai muddin akwai almajirai. Amma matashin da zai rubuta Alƙur'ani yau, sau da yawa kwalbar kanti yake saya, kuma ma'aunin bagaruwa da ƙarfe da ƙaro yana kan tsofaffi ne, ba a rubuce ba. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna sun adana littattafai, amma littafi ba ya gaya maka yadda aka dafa tawadarsa.

Jigawa ta zama jiha tun 1991, tana da jami'a a Dutse da wata a Kafin Hausa. Ya kamata sassan tarihi da na kimiyyar haɗa sinadarai su tura ɗalibai Sundimina da Gwaram, su zauna gaban alarammomi, su ɗauki haɗin a rubuce da kuma a hoto, su karɓi kurtu da alƙaluma da izinin masu su a ajiye da sunan garin da suka fito. A yi wannan aiki yanzu, tun masu sanin suna raye.