Tarihin Gidajen Mafiya na Sisili

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, da yawanmu mun san kalmar Mafiya ne ta finafinan Amurka. To amma asalin abin yana tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya, kuma ina ganin tarihinsa ya shafi duk mai riƙe da amanar jama'a.

Bayan haɗewar Italiya a 1861, ikon sabuwar gwamnati bai kai ƙauyukan Sisili ba. Masu gonakin lemo na kewayen birnin Palermo suka koma ɗaukar 'yan tauri su tsare musu dukiya. Sannu a hankali masu gadin suka fi ƙarfin iyayen gidansu. Suka kafa ƙungiyoyi da suke kira gidaje, kowane gida da shugabansa da yankinsa. Suna karɓar kuɗin kariya, wato pizzo, wanda ya ƙi biya a ƙone masa shago. Dokarsu ita ce omerta: kome ka gani, ka kama bakinka.

A 1925 Mussolini ya tura Cesare Mori ya murƙushe su, amma bayan sojojin ƙawance sun shiga Sisili a 1943 suka sake ɗagowa. A Amurka kuwa, hana sayar da giya daga 1920 zuwa 1933 shi ya azurta su, har aka tsara gidaje biyar na New York a 1931.

Abin da ya fi jan hankalina, ni ma'aikacin gwamnati, shi ne abin da ya sami Palermo wajen 1959 zuwa 1964, lokacin da Vito Ciancimino ke riƙe da sashen ayyuka na birnin. An ba da dubban takardun izinin gini, mafi yawansu da sunan wasu 'yan tsirarun mutane da Mafiya ke fakewa bayansu. Aka rushe tsofaffin gidaje da lambuna, aka jera benayen siminti. Sa hannun jami'ai ne ya yi wannan ɓarna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alƙali Giovanni Falcone ya gane cewa bin sawun kuɗi ya fi bin sawun bindiga. A 1984 Tommaso Buscetta ya karya omerta, ya tona masa asirin ƙungiyar. Shari'ar da aka yi daga 1986 zuwa 1987 ta ɗaure mutum fiye da 300. A watan Mayun 1992 aka kashe Falcone da bam, a watan Yuli kuma abokin aikinsa Paolo Borsellino. Jama'a suka fusata, aka kama Toto Riina a 1993, Bernardo Provenzano a 2006, sai Matteo Messina Denaro a 2023 bayan ɓuyan shekara 30.

Yau Mafiyar Sisili ta rage kisa, ta koma neman kwangila da wanke kuɗin haram. 'Ndrangheta ta yankin Calabria, wadda ta ginu kan dangantakar jini, ita ke kan gaba wajen shigar da hodar ibilis Turai. Duk da haka, tun 1996 doka ta ba da damar mayar da dukiyar da aka ƙwace hannun Mafiya ga amfanin jama'a, kuma tun 2004 ƙungiyar Addiopizzo ke haɗa kan 'yan kasuwar Palermo da suka ƙi biya.

Mu da muke zaune a ofisoshi, mu tuna cewa takardar da muke sa wa hannu amana ce. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.