Abu biyar da Shehu ya nema a Magami

Ƴan'uwa, kun san Maratta, cikin jihar Tawa? Can aka haifi Shehu Usumanu ɗan Fodiyo a 1754.

Wajen 1788, ran Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami, ya ba su dukiya. Shehu bai karɓa ba. Sai ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki ƴan kaso, a rage wa talakawa haraji. Bawa ya yarda.

Ku lura: a wurin Shehu, sarauta amanar Allah ce. Haƙƙin talaka kuwa ba kyautar sarki ba ne, Allah ne ya ba shi. Sarkin da ya danne shi, tambaya na jiransa gobe ƙiyama.