Henry Ford da Masu Jarinsa: Tarihin Wata Rashin Yarda

A watan Maris na 1902, Henry Ford ya fice daga kamfanin da ke ɗauke da sunansa a birnin Detroit na Amurka. Karo na biyu ke nan da ya raba gari da masu kuɗi. Kamfaninsa na farko, Detroit Automobile Company, an kafa shi a 1899, ya durƙushe a farkon 1901. A na biyun, attajiran da suka zuba kuɗi sun gaji da jiran motar da za a kai kasuwa, domin hankalin Ford ya karkata ga motocin tsere, sai suka ɗauko wani injiniya, Henry Leland, ya duba aikinsa. Ford ya ɗauki wannan a matsayin raini, ya tafi. Kamfanin da ya bari shi ne ya koma Cadillac.

Duk wanda ke son fahimtar ƙorafin da masu kafa kamfanonin fasaha ke yi a yau game da masu jarin kasada, wato masu zuba kuɗi a sabon kamfani don mallakar wani kaso, zai ƙaru da wannan labari. Sana'ar ba ta samu suna da tsari ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma rigimar ta girme ta: mai ƙira yana son lokaci da iko, mai kuɗi yana son riba da wa'adi.

A Yunin 1903 aka kafa Ford Motor Company da tsabar kuɗi dala 28,000. Ba a jima ba saɓani ya sake kunno kai. Alexander Malcomson, dillalin kwal kuma babban mai jari, yana ganin riba tana wajen motocin masu hali. Ford kuwa talaka yake hange. A 1906 ya sayi kason Malcomson, a 1908 ya fito da Model T a kan dala 850. Da ya kafa layin haɗa mota a 1913, farashi ya yi ta sauka, ciniki ya yi ta hawa. A Janairun 1914 ya ɗaga albashin leburorinsa zuwa dala biyar a rana, fiye da ninki biyu, jaridun 'yan kasuwa suka yi masa ca. Amma ma'aikata suka rage barin aiki, riba ta ci gaba da ƙaruwa. Daga nan Ford ya sakankance cewa masana alƙaluma ba su san komai ba sai lissafin abin da ya wuce.

Babban karon ya zo a 1916, lokacin da ya sanar da dakatar da rabon riba na musamman domin gina katafariyar masana'anta a River Rouge da kuma ƙara rage farashi. 'Yan uwan nan biyu, John da Horace Dodge, masu kashi goma cikin ɗari, suka garzaya kotu. A 1919 Kotun Ƙoli ta jihar Michigan ta hukunta cewa an kafa kamfanin kasuwanci ne da farko don amfanin masu hannun jari, ta umarce shi da ya raba fiye da dala miliyan 19, ko da yake ba ta hana ginin ba. Har yau ana karantar da wannan shari'a a tsangayoyin lauyoyi.

Ford bai haƙura ba. Ya sauka daga shugabanci ya ɗora ɗansa Edsel, ya baza labarin zai kafa wani kamfani da mota mafi araha. Tsoro ya kama masu jari, suka sayar masa da kasonsu a kan kimanin dala miliyan 106. 'Yan Dodge kaɗai sun tashi da miliyan 25. Da tattalin arziki ya karye a 1920 zuwa 1921 ga bashin banki a wuyansa, sai ya tura wa dillalai motocin da ba su nema ba, ya ce a biya nan take. Dillalan suka ci bashi a bankunan garuruwansu, shi kuwa ya tsira daga hannun Wall Street.

Da labarin ya tsaya nan, da an ce mai ƙira ya yi gaskiya. Sai dai iko ba tare da mai tsawatarwa ba ya zame masa guba. Ƙyamarsa ga masu banki ta rikiɗe ta zama ƙiyayyar Yahudawa, wadda ya yaɗa a jaridarsa, Dearborn Independent, tun daga 1920, har ya nemi gafara a 1927. A kasuwa kuma, General Motors ƙarƙashin Alfred Sloan, kamfanin da ya ginu a kan kwamitoci da nazarin alƙaluma, ya kawo sayen mota a kan bashi da sauya samfuri duk shekara. Ford ya kafe a kan Model T, ya kori waɗanda suka ba shi shawarar canji. Lokacin da ya dakatar da ita a 1927, bayan ƙera miliyan 15, an riga an sha gabansa.

A 1945 jikansa, Henry Ford na Biyu, ya karɓi kamfanin da ke tafka asara, littattafan kuɗinsa a hargitse. A shekara ta gaba ya ɗauki tsofaffin hafsoshin sojan sama goma, gwanayen ƙididdiga, cikinsu har da Robert McNamara. Irin mutanen da kakan ya raina su suka taimaka wajen farfaɗo da gidansa. A 1956 aka sayar wa jama'a hannun jarin kamfanin.

Zargin da Ford ya yi wa masu jari yana da tushe: da ya bi Malcomson, da wuya a samu Model T. Kuskurensa shi ne ɗaukar kowace gardama a matsayin zagon ƙasa. Mai kafa kamfani da ke zaune yau gaban masu jari, a Legas ne ko a Kano, abin da ya kamata ya tantance kafin sa hannu shi ne wa'adin da suke so kuɗinsu ya dawo, da irin ikon da takardar ta ba su. Bayan ya sa hannu kuma, ya tabbata akwai aƙalla mutum guda a teburin da zai iya ce masa ya yi kuskure ba tare da ya rasa kujerarsa ba.