Daga Bindiga zuwa Madubin Hangen Nesa: Tarihin Kallon Tsuntsaye tsakanin Yankari da Tsaunin Jos

Kallon tsuntsaye a matsayin sana'a, wato mutum ya shiga daji da baƙi domin ya nuna musu tsuntsaye a inda suke rayuwa, su kuma su rubuta abin da suka gani ba tare da sun kama ko sun harba ba, bai daɗe da kafuwa a arewacin Nijeriya ba, duk da cewa ƙasar tana da fiye da nau'in tsuntsaye 900. Hanyar da masu wannan yawo suka saba bi tana farawa ne daga fadamun Haɗeja da Nguru, ta gangara zuwa dajin Yankari a Jihar Bauchi, sannan ta hau tsaunin Jos, mai juriya kuma ya zarce har Mambila a Jihar Taraba. Yanayin ƙasa ne ya shata wannan hanya, domin a ƙasa akwai sabana, wato daji mai doguwar ciyawa da itatuwa jefi-jefi irin su kaɗanya da ɗorawa da kawo, a bisa tsauni kuma akwai sanyi da duwatsu da ƙananan kurmi, kuma kowane mataki na tudu yana da tsuntsayen da ba a samunsu a ɗayan. Tarihin wannan sana'a, idan aka bi shi a tsanake, tarihin ja-gora ne, wato mutumin da ke gaba yana nuna hanya, da yadda matsayinsa ya sauya a cikin shekaru ɗari da 'yan kai.

Tun kafin wani baƙo ya iso da littafi, manoma da makiyaya da maharba sun mallaki ilimin tsuntsaye mai zurfi, sai dai ilimi ne na amfanin yau da kullum. Manomi yana lura da isowar shamuwa domin ya san damina ta kusa, yana kuma fargabar garken jan-baki da ke iya share gonar gero ko dawa. Makiyayi ya san balbela da carki a matsayin abokan tafiyar shanunsa. Masunci a Nguru yana bambance dinya da kirinjijiya tun daga kukansu. Maharba sun kai wannan sani maƙura, har suka riƙa ɗaura kan burtu da aka sassaƙa a goshinsu, suna tafiya a sunkuye cikin ciyawa suna kwaikwayon takunsa domin namun daji su saki jiki da su. Dabarar ba za ta yi aiki ba sai ga wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda tsuntsun ke kiwo da yadda yake gyaɗa kai, kuma wannan shi ne ainihin abin da masana na zamani suke kira nazarin ɗabi'ar dabba.

Turawan farko da suka zo neman tsuntsaye da bindiga suka zo, saboda a wancan zamani ba a yarda an gano wani nau'i ba sai an kai fatarsa gidan adana kayan nazari a Turai. Bajamushe Ernst Hartert ya shigo ta kogin Binuwai a 1885 cikin ayarin Flegel, ya kai har Kano da Sakkwato tare da Paul Staudinger, daga baya kuma ya zama mai kula da tarin tsuntsayen Lord Rothschild a garin Tring na Ingila. Wannan gida ne ya turo Angus Buchanan, wanda ya tashi daga Kano a 1920 ya bi ta Damagaram da Agadas zuwa duwatsun Azbin, kuma Hartert ɗin ne ya yi nazarin abin da ya tattaro. A tsakanin waɗannan biyu akwai Boyd Alexander, sojan Birtaniya da ya ratsa daga kogin Kwara zuwa Nilu tsakanin 1904 da 1907, ya daɗe a bakin Tafkin Chadi, ya rasa ƙanensa a Maifoni kusa da Maiduguri, shi ma aka kashe shi a ƙasar Chadi a 1910. Littattafan waɗannan mutane suna cike da sunayen tsuntsaye da na garuruwa, amma maharbin da ya san bishiyar da tsuntsu ke kwana, da wanda ya feɗe shi ya busar da fatar, da 'yan alaron da suka ɗauki akwatunan a ka, da wuya a ci karo da cikakken sunan ɗayansu. Wanda ya tsira daga wannan mantuwa shi ne José Lopes, mutumin tsibiran Cape Verde da ya yi wa Alexander aiki shekara da shekaru, har aka raɗa wa wani ƙaramin tsuntsun kurmin tsauni sunan kimiyya Bradypterus lopezi saboda shi.

Fatun da aka tara su ne suka zama littattafai. George Bates, Ba'amurken da ya daɗe yana zaune a kudancin Kamaru, ya fitar da littafin jagora kan tsuntsayen Afirka ta Yamma a 1930, a shekarar ne kuma David Bannerman ya fara fitar da babban aikinsa mai juzu'i takwas wanda bai kammala ba sai 1951. Da zarar an sami bayani da zane a takarda, sai buƙatar harbi ta ragu, madubin hangen nesa ya fara maye gurbin bindiga a hannun ma'aikatan mulkin mallaka da likitocin dabbobi da malaman makaranta, waɗanda suka mai da abin sha'awa ta ƙarshen mako.

A 1964 aka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya, wadda John Elgood na Jami'ar Ibadan da Robert Sharland mazaunin Kano suka assasa, Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ya riƙa shirya mujallarta. Daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma baki ɗaya, mujallar ta koma Malimbus daga 1979. Babban abin da wannan rukuni ya kawo shi ne sanya zobe, wato a kafa raga mai siririn zare a kama tsuntsu, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a saƙala masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, sannan a sake shi. An yi wannan aiki a Kano da Vom, haka kuma a Malamfatori da ke bakin Tafkin Chadi a ƙarshen shekarun 1960, inda aka nuna cewa ƙananan tsuntsayen da ke zuwa cin rani daga Turai suna tara kitse mai yawa kafin su tsallaka Sahara a kan hanyarsu ta komawa. Muhimmancin yankin ya fito fili a 1969, lokacin da yawan wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi a Birtaniya cikin shekara guda, bincike kuma ya danganta hakan da farin da ya fara addabar Sahel. Daga nan ne Turai ta fahimci cewa makomar tsuntsayen lambunanta tana rataye da ruwan saman Borno da Yobe, abin da ya jawo aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, da ziyarar Yarima Philip na Ingila zuwa Dagona a 1989. Sai dai har zuwa wancan lokaci, 'yan ƙasa a cikin harkar ba su da yawa, kuma akasarinsu masu riƙe raga ne ba masu rubuta sakamako ba.

Yankari yana cikin wuraren da ja-gora ya zama ma'aikaci mai albashi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. Giwaye da ɓauna da ruwan ɗumi na Wikki ne suka fi jan baƙi, amma da rani, lokacin da ruwa ya ƙafe ko'ina sai kogin Gaji, tsuntsaye ma can suke taruwa, kuma an ƙidaya fiye da nau'i 350 a dajin. Masu gadin dajin, waɗanda da yawansu 'ya'yan ƙauyukan kewaye ne, su suka san gaɓar da tsuntsaye masu cin ƙudan zuma ke haƙa ramukan sheƙarsu da kuma inuwar da mujiya mai kamun kifi ke yini.

Labarin tsaunin Jos ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma shi ne ya sanya wurin a zukatan masu yawon kallon tsuntsaye na duniya. Tsaunin yana da matsakaicin tsayi na kimanin mita 1,280 bisa teku, duwatsun Shere kuma sun haura mita 1,800, kuma duk da cewa haƙar kuza da noma da saran itace sun cinye mafi yawan dajinsa, tsakanin manyan duwatsu an bar 'yan guntayen kurmi da garma ba ta iya shiga. A nan ne Robert Payne na Jami'ar Michigan ya yi nazarin wasu ƙananan tsuntsaye baƙaƙe masu sheƙi na dangin Vidua, waɗanda ba sa gina sheƙa, sai dai macen ta saka ƙwanta a sheƙar wani tsuntsu dabam ya rena mata. Kowane nau'i a cikinsu yana da nau'in da yake dogara da shi, ɗan da aka rena kuma yana koyon kukan marenansa, ta yadda idan namiji ya girma zai riƙa haɗa kukan nan da nasa, mace kuma ta zaɓi namijin da ke kuka irin na gidan da ita ma ta tashi. Ma'anar wannan ita ce, mai kunne zai iya gane wanda ya reni tsuntsu daga kukansa kawai. Baƙin tsuntsun Jos, wanda ake kira Vidua maryae, yana kwaikwayon kukan da bai yi daidai da na wani sanannen nau'i ba, kuma bin sawun wannan kuka ne ya kai ga tabbatar da wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu a matsayin sabon nau'i, wanda Payne ya bayyana a 1998 da suna Lagonosticta sanguinodorsalis. Daga baya an same shi a duwatsun Mandara da ke iyakar Nijeriya da Kamaru. Abin lura a nan shi ne an gano shi ne da kunne kafin a tabbatar da shi da ido, a wurin da mazauna suka daɗe suna ganinsa yana tsintar ƙwayar ciyawa a gindin dutse.

Waɗannan tsuntsaye biyu suna cikin dajin Amurum, wani ɗan fili mai kimanin hekta 300 da ke nisan kilomita 15 daga Jos, wanda mutanen Laminga suka daɗe suna kiyayewa bisa al'adarsu. A 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a wurin, bisa yarjejeniya tsakanin Jami'ar Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya da al'ummar Laminga, kuma ta fara ba da digiri na biyu a fannin kare halittu. A shekarar ne aka wallafa jerin wurare 27 mafiya muhimmanci ga tsuntsaye a Nijeriya, aikin da Augustine Ezealor ya jagoranta, kuma a shekarar ne Nik Borrow da Ron Demey suka fitar da littafinsu mai zanen kusan kowane tsuntsu na Afirka ta Yamma. Haɗuwar waɗannan abubuwa uku ta sauya matsayin ja-gora fiye da duk abin da ya gabata, domin ɗalibin da ya fito daga Amurum yana iya kama tsuntsu ya sa masa zobe, ya tsara bincike, ya wallafa shi da sunansa, matasan ƙauyen da suka fara da ɗaukar kaya kuma wasunsu sun zama gwanayen gane kuka.

Aikin ja-gora na yau ya fi dogara da kunne da sanin lokaci. Ana fita tun da asuba saboda tsuntsaye sun fi kuka da motsi kafin rana ta ɗaga, an kuma fi son watannin Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ciyawa ta bushe, hanyoyi suka yi kyau, tsuntsayen da ke zuwa cin rani daga Turai kuma suna nan, ko da yake ƙurar hunturu takan rage nisan gani. Wasu ja-gorori suna kunna kukan da aka naɗa domin su jawo tsuntsu fili, dabarar da ke biyan buƙatar baƙo cikin sauri amma take wahalar da namijin da ke tsaron sheƙarsa idan aka yawaita. Wanda ya kai baƙinsa Mambila, inda ƙasa ta kai kimanin mita 1,600, zai shiga kurmin Ngel Nyaki ya nemi tsuntsayen da ba su da wani mazauni sai tsaunukan da suka haɗa Nijeriya da Kamaru, ciki har da wani rawayan tsuntsu mai saƙa sheƙa da aka raɗa wa sunan Bannerman. A kusa da nan ne gandun Gashaka Gumti yake, mafi girma a ƙasar, mai ɗauke da ƙololuwar Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419.

Kasuwar baƙi daga waje ba ta taɓa ƙarfi a Nijeriya kamar yadda ta yi a Gambiya ko Gana ko Kamaru ba, ɗan abin da ake samu kuma rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 da yaƙin Boko Haram sun raunana shi. Malamfatori ta fita daga lissafin masu bincike, a Kamaru ma kamfanonin yawon buɗe ido sun janye daga gandun Waza bayan sace wasu Faransawa a kusa da shi a 2013. Gurbin da baƙi suka bari 'yan ƙasa ne suka cike shi. A 2015 cibiyar Amurum ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, mai sa kai kuma ya shafe aƙalla sa'o'i biyu a ciki yana shigar da duk nau'in da ya gani ko ya ji a manhajar BirdLasser ta wayarsa. Ƙungiyoyin matasa, ciki har da ta Arewa da kulob-kulob na jami'o'i, sun kai wannan aiki ƙauyuka da gefen kasuwanni da mahauta, wuraren da ayarin baƙi masu biyan kuɗi ba zai taɓa tsayawa ba. Irin wannan ƙidaya ce ke iya nuna rashin abin da a da ba wanda ya damu ya rubuta, kamar ungulu, wadda ta kasance a bakin kowace mahauta a Kano da Zariya, amma guba da farautarta domin kasuwar magungunan gargajiya suka rage ta har hukumar kare halittu ta duniya ta sanya ta a 2015 cikin jerin nau'o'in da ke dab da ƙarewa.