Sisin 'Yan Dakon Landan da Sulhun Kadinal Manning

A ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da daular Ingila ta kai maƙurar ƙarfinta, har ya zama babu wata tashar jiragen ruwa a duniya da ta fi ta Landan hada-hada, mutanen da ke sauke dukiyar nan daga cikin jirage, watau shayin Sin da Indiya, da sukarin tsibiran Karibiyan, da ulun Ostareliya, da hauren giwa, su ne mafi ƙasƙancin matsayi a cikin ma'aikatan birnin duka. Mafi yawansu ba su da tsayayyen aiki. Kowace safiya sukan yi dafifi a ƙofofin tashar da ke bakin Kogin Tems, su tsaya cikin sanyi da yayyafi, har heluma ya fito ya dube su, ya zaɓi waɗanda ya ga dama, ya miƙa musu 'yar alamar shiga aiki. Saboda tsananin yunwa kuwa sai ka ga magidanta suna ture juna, suna tattake juna, kowa yana miƙa hannu ko Allah zai sa idon heluma ya faɗa kansa. Wanda ya dace ladansa kwabo 5 ne a sa'a, kuma ana iya sallamarsa bayan sa'a guda ko biyu, ya koma gida da abin da bai isa cefanen yini ba.

Ranar 14 ga Agusta, 1889, saɓani ya tashi a tashar da ake kira West India a kan rabon ƙarin ladan sauke wani jirgi, leburori suka ajiye aiki ƙarƙashin jagorancin Ben Tillett, sa'an nan Tom Mann da John Burns suka zo suka kama masa. Buƙatunsu ba su da yawa: a mai da lada sisi, watau kwabo 6 a kuɗin wancan zamani, a sa'a, a biya kwabo 8 ga aikin bayan lokaci, kada kuma a ɗauki mutum ƙasa da sa'a 4. Kafin watan ya ƙare yajin ya game bakin kogin, masu ajiye aiki sun kai wajen 100,000, kullum suna jerin gwano ta tsakiyar birni cikin natsuwa, suna ɗage da kawunan kifi da ruɓaɓɓiyar albasa a bisa sanduna, domin attajirai su ga abincin iyalinsu da idonsu. Masu kamfanonin tashar suka dogara ga abu guda, cewa yunwa za ta koro mutanen. Da kuwa hakan ta faru, in ba don ƙungiyoyin ƙwadago da jama'ar Ostareliya sun aiko da gudummawar da ta kai wajen fam 30,000 ba, ga kuma mabiya William Booth, masu Rundunar Ceto, suna ciyar da mata da yara.

Ana cikin wannan hali ne wani dattijo mai shekara 81 ya shigo cikin al'amarin, shi ne Kadinal Henry Edward Manning, shugaban ɗarikar Katolika a Ingila. Ɗan babban gida ne, mahaifinsa ya taɓa zama gwamnan Bankin Ingila, shi kansa kuma ya yi limanci a cocin Angilika kafin ya koma Katolika a 1851; saboda haka ya san harshen masu dukiya, ya kuma san halin talakawa, domin da yawa daga cikin 'yan dakon nan 'yan asalin Ailan ne, mabiyansa. Aƙidarsa ita ce ƙarfin jikin talaka shi ne jarinsa, yana kuwa da haƙƙin kare shi kamar yadda mai kuɗi yake kare nasa, kuma duk cinikin da ya rushe zaman iyali ba shi da albarka, kome yawan ribarsa. Hujjarsa tana cikin littafin addininsa: Attaura ta yi umarni a biya ɗan ƙwadago matalauci ladansa kafin rana ta faɗi, wasiƙar Yaƙub kuma ta gargaɗi mawadata cewa ladan da suka danne yana kai ƙararsu wurin Ubangiji.

Manning ya fara da zuwa wurin shugabannin kamfanonin, ya yi musu nasiha, ba su saurara ba. Daga nan aka kafa kwamitin sulhu a fadar Magajin Garin Landan, wanda ya haɗa shi da Bishop na Angilika na birnin da ɗan majalisa Sydney Buxton. Kamfanoni suka yarda da sisin, amma sai daga 1 ga Janairu. Leburori suka ƙi, domin sun ga alamar yaudara a cikin jinkirin. Bishop ya yi fushi ya janye, aka bar tsoho da nauyin. Ranar 10 ga Satumba ya tafi unguwar Poplar, ya zauna da wakilan masu yajin a ɗakin wata makarantar Katolika, ya saurare su sa'o'i, kowa yana fitar da abin da ke cinsa, sa'an nan ya miƙe ya roƙe su su raba bambancin, su karɓi 4 ga Nuwamba, yana tuna musu da matansu da 'ya'yansu waɗanda wahalar kowane ƙarin yini take sauka a kansu. Suka amince masa ya kai maganar, kamfanoni suka sauko, aka rattaba hannu ranar 14 ga Satumba, ranar 16 aka koma aiki da alkawarin sisi. Jama'a suka sa wa yarjejeniyar suna Sulhun Kadinal. 'Yan dako suka tara masa fam 160 na godiya, shi kuwa ya ba da su ga Asibitin Landan domin jinyar marasa lafiya.

Adalci ne a faɗi cewa haɗin kan leburori da kuɗin Ostareliya su suka karya taurin kan kamfanoni, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma tsayuwar safe a ƙofar tasha ba ta gushe gaba ɗaya ba sai a 1967. Abin da Manning ya ƙara shi ne ya fitar da maganar lada daga hannun masu lissafi, ya mai da ita mas'alar halal da haram, a zamanin da malaman tattalin arziki suke koyar da cewa duk abin da ma'aikaci ya yarda ya karɓa shi ne haƙƙinsa. Bayan shekara biyu, ranar 15 ga Mayu, 1891, Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum, inda ya tabbatar wa mai dukiya haƙƙin mallaka, amma ya zartar cewa wajibi ne lada ya isa riƙe ma'aikaci mai tattali, cewa ma'aikata suna da ikon kafa ƙungiyoyinsu, cewa kuma wanda larura ko tsoro ya tilasta wa karɓar lada maras isa, an zalunce shi ko da ya ce ya yarda. A kan wannan tushe wani limami na Amurka, John Ryan, ya gina littafinsa na 1906 game da ladan da zai rayar da mutum.

Manning ya rasu a Janairun 1892, talakawan Landan suka cika tituna don rakiyar gawarsa. Darasin da ya bari ya shafi kowane mai wa'azi da kowane mai ɗaukar ma'aikaci, ko wane addini yake bi: umartar matalauci da haƙuri ba ya cika sai an umarci mawadaci da adalci, yardar da yunwa ta ƙwato kuwa ba ta halatta cin gumin kowa. Wanda duk yake da lebura a ƙarƙashinsa, ya dubi abin da yake biyansa, ya tambayi kansa ko zai ciyar da gida. In bai isa ba, to, ya ƙara.