Karkacewar baki da allurar korona: waiwaye daga Gaya

A ƙarshen watan Maris na 2021 Nijar ta fara allurar rigakafin korona da maganin Sinopharm da ƙasar Sin ta ba da kyauta, na AstraZeneca ya biyo baya cikin Afrilu. Gaya kuwa gari ne na mahaɗa: gadar kogin Kwara ta haɗa shi da Malanbil ta Benin, hanyar Kamba kuma ta nufi Najeriya. A irin wannan wuri labari kan riga magani isowa. Daga cikin abubuwan da aka tsorata da su a duniya lokacin har da karkacewar baki bayan allura.

Ciwon dai ba baƙo ba ne. Mutum kan wayi gari rabin fuskarsa ya saki, ido ba ya rufuwa, ruwa na zuba ta gefen leɓe. A ƙasar Hausa wasu kan danganta shi da iska. Al-Razi da Ibn Sina sun yi bayaninsa da sunan laƙwa, ƙarnoni kafin Charles Bell ya bayyana aikin jijiyar fuska a 1821. Ko babu allura, yakan kama mutum 15 zuwa 30 cikin dubu ɗari kowace shekara, akasarinsu kuma kan warke cikin ƴan watanni.

Amma bai dace malami ya ce wa jama'a zargin shirme ne ba. A ƙasar Suwis an janye wani rigakafin mura da ake fesawa a hanci a 2001, bayan an lura da yawan karkacewar baki ga waɗanda suka karɓe shi. A gwajin Pfizer na 2020 mutum 4 daga cikin kusan dubu 22 da aka yi wa allurar sun kamu, ba ko ɗaya a rukunin da bai samu ba. A 2021 binciken Hong Kong ya gano ƙarin kusan mutum 5 cikin dubu ɗari bayan allurar Sinovac, wadda ba ita ce Sinopharm ba. Bincike na baya ya nuna cutar korona kanta ta fi allurar jawo ciwon.

Da ƙidaya aka gano duk wannan, ita ce kuwa ke da wuya a bakin iyaka. Ɗan kasuwar da aka yi wa allura a Gaya na iya kwanta ciwo a Malanbil, ya nemi tofi a Kamba, sunansa bai shiga rajistar kowane gidan likita ba, alhali labarinsa ya zagaya kasuwanni uku. Jinkirin nan na da tsada: maganin rage kumburin jijiyar ya fi amfani cikin kwana 3 na farko, kuma in hannu ko harshe ya yi nauyi tare da bakin, shanyewar ɓarin jiki ake tsoro.