TARIHIN KUƊIN ƘOFA DA TIKITIN KYAUTA A WASANNIN KIƊA NA ƘASAR GHANA

Ya ku 'yan'uwa mazauna zango, kowace shekara in watan Disamba ya kama sai ku ji gidajen rediyo na Ankara da Kumasi suna ta shela, wai wanda ya riga buga waya ya amsa tambaya kaza za a ba shi tikiti kyauta ya tafi kallon mawaƙa. Samarinmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Aboabo kuwa su kan raba dare suna farautar wannan tikiti a rediyo da Facebook. Waɗansu dattawa suna tsammani sabon yayi ne. Amma in aka bi salsala, maganar wanda zai shiga da wanda zai tsaya a waje, da kuma wanda zai biya makaɗi, ta haura shekara ɗari a wannan ƙasa. Don haka muka ga ya kamata mu tsakuro tarihinta, ko yaranmu sa san abin da su ke riƙe da shi a hannu.

YADDA KAKANNI SUKA SABA

Kakanninmu da suka zo fataucin goro ta hanyar Salaga, suka watsu zuwa Karachi da Kumasi da Ankara bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da waɗanda suka zo aikin soja da ɗan sanda a zamanin Turawa, duk ba su san tikiti ba. Mai kalangu ko mai goge ya kan je inda a ke suna, ko biki, ko naɗin sarauta, ko wasan Salla, ya kafa kiɗansa a ƙofar gida. Ba shinge, ba mai tsaron ƙofa, kowa ya zo ya tsaya ya ji. In kiɗa ya yi daɗi sai attajiri ya tuɓe riga ya ba da, mai ƙaramin ƙarfi ya liƙa kwabo ko taro, mata su aiko da goro da tuwo, maroƙi kuma yana shelar kyautar kowa da sunansa.

Watau dai biya ya kan zo bayan an ji, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Abin kunya ne mutum mai mutunci ya zauna tun farko har ƙarshe sa'an nan ya kaɗe riga ya tashi hannu rufe. Wannan hanya tana da aibinta, gama makaɗi ya kan zama bawan mai kyauta, ya yabi wanda ya ba shi ko da bai cancanci yabo ba. Amma ba a taɓa hana yaro ko matalauci ji don ba shi da kuɗi ba.

SULE BAKWAI DA SISI

A biranen bakin teku kuwa wata al'ada dabam ce ta tsiro. Tun wajen 1914 akwai ƙungiyoyin makaɗa masu kayan busa irin na Turawa, kamar Excelsior Orchestra ta Ankara, suna yi wa lauyoyi da manyan akawuna da 'yan kasuwa kiɗan rawa a gidaje irin su Rodger Club. Yebuah Mensah, wan shahararren makaɗin nan E. T. Mensah, ya ba da labari cewa kuɗin shiga a zamanin nan sule bakwai ne da sisi, ga shi kuma tilas mutum ya sa baƙar kwat irin ta Turawa, har da doguwar hula in yana da hali. Lebura sai ya yi kwanaki yana aiki bai tara wannan kuɗi ba.

To, talakawa sai su taru a bayan katanga suna leƙe, suna jin waƙoƙin da suka sani na kan titi an sa musu sabuwar riga ana kaɗa wa manya. Su ne suka laƙaba wa kiɗan sunan hailaif, watau rayuwar manya. Ku duba wannan abin mamaki, kiɗan da ya zama tutar Ghana a duniya, waɗanda aka hana shiga ne suka raɗa masa suna.

KONSAT YA SAUKO DA ƘOFA

Wasan da a ke kira konsat shi ma a hannun manya ya fara. A 1918 wani shugaban makaranta a Sekondi, ana ce da shi Ticha Yalley, ya fara wasan ban dariya da rawa da Turanci don masu ilmin boko. Wani yaro da ya taso yana kallonsa, Bob Johnson, shi ya ɗauke wasan ya kai wa talakawa a cikin shekarun 1930, ya sauko da kuɗin ƙofa, ya riƙa yawo gari gari da ƙungiyarsa. A 1952 E. K. Nyame ya kafa Akan Trio, ya gama wasan da kiɗan jita, ya mai da shi duk da harshen Tonawa.

Ga yadda a ke yi. Sai a tura mutum guda gaba ya nemi wuri, ko gidan silima, ko ɗakin ajiye koko, ko babban gida mai tsakar gida, ya manna takardun shela. Ran wasa 'yan konsat su iso cikin mota da kayansu, a jingine manyan alluna masu zanen aljanu da dodanni a bakin kasuwa, a zaga gari ana shela. Da dare a yi ta kiɗa da wasa har kusan asuba, gari na wayewa su ɗaure kaya su nufi gaba. Kasuwarsu ta fi ci a lokacin kakar koko, sa'ad da kuɗi ya ke hannun manoma da leburori. Abincinsu da man motarsu duk daga ƙofa su ke fitowa. In ruwa ya sauko ko aka yi rasuwa a gari, ranar sai su kwana da yunwa.

Mutanenmu na tasha da kasuwa da gonakin koko suna cikin masu biyan wannan kuɗi, ko da shi ke malamai ba su so. Sau da yawa kuma a kan fito da ɗan sanda ko mai gadi ɗan Arewa a cikin wasa, ana kwaikwayon maganarsa don jama'a su yi dariya. Ashe mun biya kuɗin ƙofa, an kuma yi dariya da mu a ciki.

ZUWAN LOUIS ARMSTRONG

A watan Mayu na 1956, saura 'yan watanni a sami mulkin kai, Louis Armstrong mai busa ƙaho ya zo daga Amurka. E. T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos suna cikin waɗanda suka tarye shi da kiɗa a filin jirgin sama. Aka yi wasa a sarari a tsohon filin folo na Ankara, aka bar kowa ya zo, har an ƙiyasta taron ya kai mutum 100,000. Jama'a ba su biya ba, amma akwai wanda ya biya, shi ne kamfanin talabijin na CBS na Amurka, wanda ya kawo shi don ya ɗauki hoton tafiyar ya nuna a ƙasarsu.

A watan Oktoba na 1960 ya komo. Wannan karo kamfanin lemo na Pepsi-Cola ne ya ɗauki nauyin zagayensa a Ghana da Nijeriya, don tallar sababbin masana'antun da ya buɗe a Afirka ta Yamma, har marufan kwalba suka shiga cikin abin da a ke kawowa a bakin ƙofa. Nan ne tushen abin da mu ke gani yau. Duk inda kuka ga an ce kiɗa kyauta, ku waiwaya, za ku ga mai haja tsaye a bayan makaɗi.

SHEKARUN DUHU

Zamanin Kwame Nkrumah gwamnati ita ma ta zama uwar ɗakin makaɗa, otel-otel na gwamnati da soja da 'yan sanda da Workers Brigade kowa da ƙungiyar kiɗansa, makaɗi na karɓar albashi a ƙarshen wata. Bayan an hamɓare shi a 1966 wannan inuwa ta fara raguwa.

Mu kuwa a zango abin da ya fi taɓa mu shi ne dokar korar baƙi ta watan Nuwamba 1969, zamanin Dokta Busia, wadda ta ba marasa takardar zama mako biyu su fita. Gidaje da yawa suka zama kango. Waɗanda su ke yin manyan bukukuwa suna tuɓe riga su ba makaɗi, da dama cikinsu sun tafi, har da waɗansu makaɗan kansu.

Duk da haka ran 6 ga Maris 1971 aka yi wani gagarumin wasa a Dandalin Black Star, mai suna Soul to Soul, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana da Roberta Flack suka zo daga Amurka aka kwana ana kiɗa. Wani mutumin Arewa, Amoah Azangeo, Bafarafare mai kaɗa ƙwarya, ya hau dandali tare da baƙin ya ba su mamaki.

Daga nan sai tattalin arziki ya lalace. Bayan juyin mulkin ran 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fita da dare, ta kuwa daɗe har 1984. Wanda sana'arsa ta dare ce, ina zai sa kansa? Aka kuma ɗora haraji mai nauyi a kan kayan kiɗa da a ke shigowa da su. Makaɗa suka watse, waɗansu Nijeriya, waɗansu Jamus da Ingila, waɗansu suka shige coci inda a ke da kayan kiɗa da masu saurare. Da aka ɗage dokar sai masu gidajen rawa suka ga ya fi musu araha su ɗauki yaro guda mai sa faifai da lasifika, da su biya makaɗa goma sha biyu. Haka ƙungiyoyi da yawa suka mutu.

REDIYO DA WASAN SALLA

A tsakiyar shekarun 1990 al'amura suka juya. Aka farfaɗo da konsat a Gidan Wasa na Ƙasa da ke Ankara, wanda aka gama gininsa a 1992, sabulun Key Soap ya ɗauki nauyi ana nunawa a talabijin. Aka kuma ƙyale gidajen rediyo masu zaman kansu, Joy FM ya fara aiki a 1995, saura suka biyo baya. Da waya ta yawaita a hannun mutane sai raba tikiti ta rediyo ya zama ruwan dare. Lissafin kuwa a fili ya ke: mai shirya wasa ya ba gidan rediyo tikiti kaɗan, gidan rediyo ya yi ta ambaton wasan kullum, mutum goma su ci kyauta, dubu su ji labari su je su saya.

A wannan zamani ne Reggie Rockstone da abokansa suka kawo kiɗan hiplaif, samarin zango kuma suka sami bakin magana. Ƙungiyar VIP daga Nima ta fito, tana sa Hausa a cikin waƙoƙinta, ta yi suna a ƙasa duka. Su ne kuma suka kafa wasan Salla a kan titin Nima, inda a ke ciyad da jama'a da rana, da dare manyan mawaƙa su hau dandali kowa ya kalla ba ko sisi. In kun lura, wannan tsohuwar al'adar ƙofar gida ce ta komo da lasifika. Irinsa ne bikin Chale Wote da aka fara a titunan Jamestown a 2011, da wasan da Chance the Rapper da Vic Mensa suka shirya kyauta a Dandalin Black Star a watan Janairu 2023.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Babban mawaƙi ba ya hasara in an raba tikitinsa, gama kamfanin waya ko na abin sha ya riga ya biya shi. Wanda abin ya ke ci shi ne ƙaramin mawaƙi mai cin gashin kansa, wanda ba kamfanin faifai a bayansa, ba mai talla. Irin wannan yaro, ko daga zango ya fito ko daga wata unguwa, shi zai yi hayar wuri, ya yi hayar lasifika da janareto, ya sallami mai ganga da mai jita, duk daga abin da aka samu a ƙofa, daidai da 'yan konsat na da. Ran wasa kuma sai abokai da 'yan unguwa su cika bakin ƙofa kowa na cewa a sa sunansa a takardar baƙi. Wuri ya cika maƙil, ana tafi ana kirari, gari ya waye yaro na neman rancen da zai biya mai lasifika. In ya yi haka sau biyu sau uku sai ya jingine waƙa. A 2020, da annobar korona ta sa aka hana taro, irin waɗannan ne suka fara durƙushewa.

Ba mu ce kowa ya je gidan kiɗa ba. Wanda ya ga addininsa ko tarbiyyarsa ba su yarda ba, ya zauna gida, ba mai ganin laifinsa. Maganarmu da masu zuwa ce. Wanda ya ci tikitin kyauta na babban wasa, Allah Ya sa albarka, ya je ya more. Amma in ɗan unguwarku ne ya shirya wasansa, ku biya kuɗin ƙofa ku shiga da mutuncinku. In ya rantse sai ya shigar da ku kyauta, to, ku liƙa masa a dandali, ko ku aika masa ta waya, ko ku jawo mutum biyu masu biya. Kakanninmu ba su sa shinge ba don sun amince ba mai tashi hannu rufe. In muka riƙe shiga kyauta muka yar da kyautar, mun ci rabin gado mun zubar da rabi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a sana'ar kowa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.